Gora a Kan Gulbi, Ba Mai Shi

"Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a sashen zane na wata kwalejin ilimi a nan jihar Kebbi, ina aji biyu. Ƙarshen zangon da ya wuce aka baje ayyukanmu a zauren sashe. Wata 'yar ajinmu ta zana gulbin Matan Fada na Argungu: gora babba guda ɗaya a tsakiyar ruwa, ba kowa a kansa, sai 'yar kumfa a gefensa. Ina ɗora ido a kai ƙafafuna suka mutu. Babana masunci ne. Shekara shida ke nan ya fita su lokacin cikar ruwa, goransa aka fara gani yana yawo, sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa. Ba wanda ya san haka a ajinmu. Na zagaya bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ko a zaman makoki. Da na dawo na ce mata, 'Zanen nan na rashi ne ko?' Sai ta yi dariya ta ce, 'Wane irin rashi! Yayana ne ranar gasar kamun kifi, ya yi nutso ya rungumo giwan ruwa, yanzu zai ɓullo. Na cire taron jama'a ne don ido ya tsaya kan goran.' Tun ranar kunya ta kama ni, ina kauce mata, wani lokaci har haushinta nake ji. Amma na ɗauki zanen a waya, kullum dare sai na duba. Gwaggona ta ce ƙila Baba ne ke neman wani abu a wurina. Ga shi malaminmu ya ba mu jinga, kowa ya zaɓi aikin ɗan aji ya rubuta ma'anarsa, ni kuwa ba abin da nake son yin rubutu a kai sai wannan. Anti, abin da na gani ƙarya ne tunda mai zanen ta ce ba haka take nufi ba? Ko kaina ne ya fara taɓuwa?"

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Allah ya jiƙan mahaifinki, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Hadisi ingantacce da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa wanda ruwa ya ci a cikin shahidai, muna yi masa fatan wannan matsayi.

Kanki lafiya lau yake. Abin da kika gani kuma ba ƙarya ba ne, kuma zan gaya miki dalili, don ba lallashi nake son yi miki ba.

Ni 'yar tudu ce, ban tashi a bakin gulbi ba, amma na taɓa tsayawa a gaɓar Matan Fada ranar gasa ina budurwa, kuma abin da ya zauna mini a rai ba girman kifin da aka ɗora a sikeli ba ne. Wani mutum ne na zuba wa ido kusa da gaɓa. Yana kife a kan goransa, ciki a manne da shi, homa a hannu biyu, yana tafe yana lalube da ƙafa. Can sai ya saki goran ya shige ruwa. Goran ya yi ɗan juyi ya tsaya shi kaɗai. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, ban san ko uwarsa ce ba, ta daina magana, ta riƙe bakin mayafinta. Ana kiɗa, ana ihu, dubban mutane a cikin ruwa, ita ba ta ganin komai sai wannan goran. Da kansa ya ɓullo yana furzar da ruwa sai ta saki mayafin ta ci gaba da hirarta kamar ba a yi komai ba.

Wannan ɗan tsakanin ƙawarki ta zana. Tsakanin nutso da ɓullowa. Kuma zane ba ya motsi, ɗiyata. Mutumin da ta ce yanzu zai ɓullo, ki duba ƙyallen daga sama har ƙasa, ba za ki same shi ba. Ɓullowar tana cikin kanta, don ita ta ga yayanta ya fito da kifi a rungume, aka ɗaga shi ana guɗa. Abin da ta sa a fenti shi ne gora, da ruwa, da kumfa, da jira. Duk wanda ya tsaya gaban zanen shi zai ƙarasa labarin da abin da ya zo da shi daga gida. Ita ta ƙarasa da ranar da aka yi murna a gidansu. Ke kin ƙarasa da ranar da aka dawo muku da gora ba mai shi. Kumfar nan da ke gefe, a idonta numfashin mai rai ne da ke kokawa da kifi a ƙasa. A idonki numfashi ne na ƙarshe. Duka biyun kumfa ce iri ɗaya a kan ruwa, kuma duk ɗan masunta ya san haka, shi ya sa tsohuwar nan ta riƙe mayafi.

Har ma zan ce wani abu da ƙila ita kanta ba ta lura da shi ba. Da murna zalla take son nunawa, da ta zana mutumin ya fito, kifi a kafaɗa, makaɗa a cikin kwalekwale. Ta bar duk wannan ta zaɓi lokacin da zuciya ke tsayawa. Ta kwashe jama'a ta bar goran cikin shiru. Hannunta ya san akwai fargaba a wurin ko da bakinta ya ce babu. Saboda haka hawayenki shaida ne cewa zanen ya yi aikinsa. Ruwa ba ya tsami banza.

To amma kada ki ƙwace mata zanenta. A nan ne nake son ki yi hattara, don haushin da kike ji daga nan yake tasowa. Kin je mata da tambaya mai nauyin shekara shida, ita kuwa ba ta san kin ɗauko komai ba. Ta ji 'yar aji ta yi kuskuren fahimtar zanenta, ta gyara mata cikin raha, kamar yadda ke ma za ki yi da ke ce. Rashin sani ya fi dare duhu. Dariyarta ba a kan Babanki ta yi ba, ba ta ma san da shi ba. Kuma murnar yayanta gaskiya ce kamar yadda rashinki yake gaskiya. In kika dage sai ta yarda zanenta na mutuwa ne, kin nutsar mata da yaya a cikin aikin da ta yi don ta yabe shi.

Bari in ba ki labarin wata ƙwarya. Mahaifiyata tana da ƙwaryar damun fura da ta tsage daga baki har kusan gindi, ta ba gyartai ya ɗinke ta. Ɗinkin ya bi tsagar a karkace, ƙanana ƙanana, wuri ɗaya ya yi kauri inda ya maimaita. Muna yara ba ma son a ba baƙo fura a cikinta, muna ganin abin kunya ne. Bayan rasuwarta, ana rabon kayan ɗaki, aka ture ƙwaryar gefe cikin abin da za a zubar. Na ɗauka na shafa ɗinkin da yatsa, sai na ji duk halinta a wurin: mace da ba ta yar da abu don ya fashe, ba ta yar da mutum don ya ɓata mata. Yanzu tana kan kabad ɗina, ba na dama komai a ciki. Gyartan da ya yi aikin, da za a tashe shi a tambaye shi ma'anar ɗinkinsa, cewa zai yi don kada fura ta zuba, a biya shi kuɗinsa. Gaskiyarsa ce. Amma ba wanda zai gaya mini cewa abin da nake karantawa a jikin ƙwaryar ƙarya ne. Shi ya yi ɗinkin, ni na zauna da matar da ta ba shi.

Kuma mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan sha'anin. Adonmu ya fi karkata ga alama fiye da surar mutum: aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, zayyana a allon sauka, zanen bango a soro, sassaƙa a bayan ƙwarya, ƙunshi a hannun amarya. Dagi ya daɗe a kan riguna da bango da kayan fata kafin ya zama tambarin Arewa, yau kuwa yaro in ya gan shi sai ya ce haɗin kan Arewa ne, alhali maɗinkin da ya fara lanƙwasa zarensa bai san za a yi wata jihar Arewa ba. Bikin da ƙawarki ta zana ma haka ne. Kabawa suna su a gulbin nan tun kaka da kakanni. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa kamun kifi, tun daga nan bikin ya zama alamar sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan dogon zaman gaba. A 2016 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun duniya, baƙi daga nesa suka ƙara ɗora masa tasu fahimta. Gora dai shi ne gora, homa ita ce homa, kowane zamani ya zo ya ga wani abu a jikinsu, kuma na baya bai goge na gaba ba.

Sai dai abin yana da iyaka, kuma a matsayinki na ɗalibar zane ya kamata ki san ta. Ba kowace fassara ke tsayawa ba. Da cewa kika yi zanen yana magana kan tsadar taki, sai in ce ki nuna mini takin. Fassara tana tsayawa ne in mai ita zai iya ɗora yatsa a kan ƙyallen ya ce ga abin da ya kai ni. Ke kina iyawa: ga gora ba kowa, ga ruwa ba jama'a, ga kumfa. Taki fassarar tana da ƙafafu.

Saboda haka ki yi jingar a kan zanen. Shawarata ki fara da ido kafin zuciya. Ki koma gaban ainihin aikin, ba hoton waya ba, ki zauna da takarda ki rubuta abin da ke wurin kamar kina bayyana wa makaho. Ina goran yake, tsakiya ko gefe? Ruwan wane launi ne, ruwan ƙasa irin na gulbi ko shuɗi? Hasken na safe ne ko na yamma, ta ina yake faɗowa? Bakin goran da ake jefa kifi yana kallon sama ko ya karkata? Buroshin ya tafi a hankali ko da gaggawa? Za ki yi mamakin abin da ba ki gani ba ranar farko, don ranar hawaye ne suka yi kallon. Mai yiwuwa ki tarar da abin da ke goyon bayan maganarta, wani haske mai ɗumi a kan ruwan, wata inuwa a ƙasa mai kama da mutum yana tasowa. In kin gani ki rubuta, kada ki ɓoye don bai dace da taki fassarar ba. Bayan nan ki kawo abin da mai zanen ta faɗa da bakinta, yadda ta faɗa. Sannan ki kawo naki, ki ce fili naki ne: ni da na tashi a gidan masunta, ga abin da gora ba mai shi yake gaya mini. Malamin zane na ƙwarai abin da yake nema ke nan, ɗalibin da ya san bambancin abin da ke kan ƙyalle, da abin da mai zane ya nufa, da abin da mai kallo ya zo da shi.

Ba dole ba ne ki zuba duk cikinki a takardar da za a ba maki. Jimla ɗaya ta isa, cewa kin rasa wani naki a ruwa. In kuma kin ji kina son rubuta labarin duka, ki rubuta a wani littafi naki daban, ki ciro wa malam abin da za ki iya jure a karanta a gaban aji.

Amma kafin ki miƙa takardar, ki sami ƙawarki. Wannan ya fi jingar muhimmanci a wurina. Bai kamata ta fara jin labarin a bakin malam ko a bakin 'yan aji ba. Ki nemi lokacin da kuke ku biyu, ki ce mata wani abu kamar haka: "Ranar nan da na tambaye ki, akwai abin da ban gaya miki ba. Babana ruwa ne ya ci shi, goransa aka fara gani. Zanenki ya tuna mini da shi. Ba laifinki ba ne, kuma ba ina so ki canza komai ba ne, so nake ki san abin da ya sa na yi ta kauce miki." Ki shirya, za ta iya ruɗewa ta yi ta ba ki haƙuri har ta ce da ta sani ba ta zana ba. Ki hana ta faɗin haka. Ki gaya mata zanenta ya buɗe ƙofar da ta shekara shida a kulle, kuma ba kowane mai zane Allah ke ba wannan ba. Ki kuma faɗa mata kin ɗauki hoton aikin a waya, ki nemi izininta, kuma kada ki sa shi a Facebook ko WhatsApp da rubutun ta'aziyya a ƙasa. 'Yan gidansu za su iya gani, su kuwa goran ɗansu ne mai rai.

In ta ce ta ba ki zanen kyauta, kada ki yi saurin karɓa. Ki tuna Inna. Abin da ya kashe miki ƙafafu a zauren makaranta, ki yi tunanin abin da zai yi wa matar da ta tsaya bakin ruwa kwana biyu, in ta shigo ɗaki ta tarar da shi a bango ba shiri.

Maganar Gwaggo kuwa, ki ba ta girmanta, don ƙauna ce ta sa ta faɗa, amma kada ki ɗauka. Mamaci ba ya aiko saƙo ta fentin 'yar makaranta. In kika buɗe wannan ƙofar, gobe duk goran da kika gani a kasuwa sai ki ce ishara ce, hankalinki ba zai ƙara kwanciya ba. Abin da mahaifi ke buƙata daga ɗiyarsa ba ɓoyayye ba ne da sai an yi ishara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa aikin ɗan Adam na yankewa da mutuwarsa sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ya kuma sanya sada zumunci da abokan mahaifi cikin mafi girman biyayya. Ki yi masa addu'a bayan kowace salla, ki yi sadaka da niyyarsa ko da ƙosai ne ga almajiri, ki tambayi manya ko akwai bashin da ya bari. In Gwaggo ta sake tayar da zancen, ki ce mata kin ji, kin kuma ƙara yawan addu'a. Za ta gamsu.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da na karanta sau uku: kukan da ba ki yi ba ko a zaman makoki. Na san yadda ake yi. Yarinya 'yar shekara goma sha wani abu, gida cike da mutane, kowa ya shigo sai ya ce a yi haƙuri, a daina kuka, addu'a yake so. Ga ƙanne ana kallonki, ga Inna ba ta cikin hayyacinta. Sai ki haɗiye. Abin da aka haɗiye kuwa ba ya narkewa, wuri yake samu ya zauna. Ki sani addini bai hana hawaye ba. Annabi da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya bayyana cewa ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba a dai faɗin abin da zai saɓa wa Ubangiji. Kururuwa da yaga tufa aka hana. Kukan da kika yi a bayan ɗakin karatu bashi ne kika biya, ba abin kunya a ciki.

Duban hoton kullum dare ne ban so ba. Dare ba ya da kirki ga mai irin wannan ciwo, kina kaɗai, kowa ya yi barci, sai tunani ya yi ta juya ki. Ki mayar da kallon rana, lokacin da kike aikin jingar, da fensir a hannu. In dare ya yi kika ji yana kiranki, ki ajiye wayar nesa ki yi masa addu'a a madadin haka. In kuma kika ga makonni sun wuce barci ya ƙi, ko kina mafarkin ruwa kina firgita, ko abinci ya fita ranki, ko karatu ya gagara, kada ki zauna da shi. Ki je ofishin ba da shawara na makarantarku, ko ki ga likita, akwai masu kula da irin wannan a asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi. Zuwa wurinsu ba ya nufin kai ya taɓu. Baƙin cikin da ya daɗe a danne yakan buƙaci mai taya ɗauka.

Sai abu na ƙarshe, wanda tun da na fara karanta wasiƙarki yake cina. Ke ma fa mai zane ce. Shekara biyu kina koyon riƙe buroshi, amma sai a aikin wata kika je kika tarar da mahaifinki. Zanenta aro ne, ɗiyata, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Goran da ke ciki na yayanta ne. Na Babanki yana da kamanninsa da ke kaɗai da 'yan gidanku kuka sani: inda cikinsa ya goge shi har ya yi sheƙi, inda ya taɓa tsagewa aka liƙe, irin igiyar da yake ɗaura masa, ƙusar da ake rataye shi in ya dawo, ƙarnin kifin da ba ya fita ko an wanke.

In kin je gida hutun nan, ki zaɓi lokacin da Inna take cikin natsuwa, ki tambaye ta ina goran yake. Ƙila yana rataye a bayan ɗaki, ƙila wani ƙanensa ke su da shi, ƙila an bayar. In yana nan, ki fito da shi tsakar gida da hantsi, ki zauna ki zana shi yadda yake, ba ruwa, ba kumfa, a kan ƙasa busasshiya. In ba ya nan, ki sa a raka ki wurin abokan sana'arsa a bakin gulbi, ki gaishe su, ki ce ke ɗiyar wane ce. Ki bar su su ba ki labarinsa, yadda yake sarrafa homa, wane kifi ya fi iya kamawa, me yake cewa in kasuwa ta yi kyau. Ki tafi da littafin zanenki da fensir biyu, don hirar masunta ba ta ƙarewa da wuri.